Yadda Ake Canza Bulowar Mota da Kanka: Misalin Toyota Corolla 2003 zuwa 2008

Fankar da ke hura iska cikin mota, wadda kanikawa ke kira bulowa, guda ɗaya ce tal. Ita ke turo sanyin AC a zafin bazara, ita ke turo ɗumin hita da asubahin hunturu, ita ce kuma ke share tururin da ke lulluɓe gilashin gaba idan ruwa ya tsuge da damina. Ranar da ta tsaya, duka ukun sun tsaya. Na ƙarshen ma ya fi haɗari, domin direban da ke goge gilashi da tsumma yana tuƙi cikin ruwan sama ba ya ganin gabansa yadda ya kamata.

A Corolla ta 2003 zuwa 2008, wadda ta cika titunanmu, canza bulowa aikin rabin awa ne zuwa awa ɗaya, kuma ba sai an sauke dashbod ba. Wahalar ba a kwancewa take ba. Wahalar ita ce tabbatar da cewa bulowar ce ta mutu, domin sau da yawa akan sayo sabuwa a ɗaura, matsala kuma tana nan daram, saboda laifin na fis ne, ko resista, ko soket da ya ƙone. Don haka kaso mafi tsoka na wannan bayani gwaji ne.

Saurari abin da motar ke gaya maka

Kunna makulli, ka murɗa maɓallin fanka daga 1 har 4, kana kasa kunne a ƙasan dashbod ta gefen fasinja.

Idan shiru a 1, 2 da 3 amma a 4 iska ta taso da ƙarfi, bulowa lafiyarta ƙalau. Resista ce ta yanke. Resista wani ɗan allo ne da ke rage wutar da ke bi ta injin fankar don ya yi gudu a hankali. A lamba ta 4 wuta ba ta bi ta cikinta, shi ya sa wannan lambar kaɗai ke rage. Sai dai a kula: abin da ya fi kashe resista shi ne tsohuwar bulowa da ke jan wuta fiye da kima, ko toshewar hanyar iska. Idan ka canza resista ta sake ƙonewa cikin makonni, koma kan bulowar.

Idan shiru a kowace lamba, miƙa hannu ƙarƙashin aljihun dashbod, ka ɗan bubbuga gindin bulowar da mariƙin sukundireba, fanka tana kunne. In ta farka, ka gama bincike: kabon ɗin da ke cikin injin ya cinye. Waɗansu ƙananan gawayi biyu ne da sifirin ke dannawa a kan tagullar da ke juyawa. Idan suka gajarce, sai su riƙa taɓawa suna saki. Irin wannan bulowa ce ke tashi idan mota ta faɗa rami, ta mutu idan an tsaya. Bugu ba gyara ba ne, shaida ce kawai.

Ƙara ma tana da nata bayani. Kuka siriri kamar na tsuntsu, musamman da sanyin safiya ko a ƙaramar lamba, bushin da sandar injin fankar ke juyawa a cikinsa ne ya bushe. Kaɗa-kaɗa kamar an sa kwali a tayar keke, ganye ne ko leda ta shiga kejin fankar, wato zagayayyen sashen nan mai fuka-fukai da ke juyawa yana turo iska. Girgiza da ke ƙaruwa da gudu har dashbod na rawa, ko dai wani abu mai nauyi ya maƙale a gefe ɗaya, ko fiffike ya karye. A biyun ƙarshe, in ba fiffike ne ya karye ba, sau da yawa wankewa kawai ake yi a mayar.

Akwai kuma abubuwan da ba na bulowa ba ne sam. Idan kana jin rurinta amma iska ba ta fitowa sosai, duba filta, wato matacin da ke tace iskar kafin ta kai ga bulowa. Idan iska tana da ƙarfi da farko, bayan tafiyar awa guda da AC ta ragu, ka kashe AC na mintoci ta dawo, ƙanƙara ce ke toshe gidan sanyin AC da iskar ke ratsawa. Idan iska na fitowa amma hita ba ta ɗumi, matsalar ta ruwan inji ce. A nan Najeriya akan cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, wani lokaci ma a haɗe tiyon hita biyu a kewaye ta gaba ɗaya, to ko sabuwar bulowa ba za ta kawo ɗumi ba.

Gwajin wuta

Idan bugu bai tashe ta ba, fara da fis. A murfin akwatin fis ko littafin motar nemi wanda aka rubuta HTR ko HEATER. Babba ne, a yawancin motoci tsakanin amp 30 da 50. Akwai kuma ƙaramin fis da ke ba rile wuta, wato maɓallin lantarkin da ke sakar wa bulowa wuta, shi ma fis ɗin a duba shi. Fis ɗin da ya yanke a maye shi da mai lamba irin tasa. Kada a naɗa masa silin waya ko takardar azurfa. Fis ba ya yankewa haka kawai, kuma idan ka hana shi yankewa, wayar da ke cikin dashbod ce za ta ɗauki zafin, daga nan sai gobara. Rile kuwa, mafi sauƙi ka musanya shi da wani mai lamba ɗaya da shi a cikin akwatin, ka ga ko fanka za ta tashi.

Daga nan sai soket ɗin bulowar kanta. A wannan Corolla mai maɓallin murɗawa, waya biyu ce. Zare shi, kunna makulli, sa fanka a 4, ka auna tsakanin bakunan biyu da mitar auna wuta. Ya kamata ka ga wajen volt 12, ko 13.5 zuwa 14.5 in inji na aiki.

Akwai abu biyu a nan da ke ruɗar mutane. Na farko, a tsarin Toyota wuta tana zuwa bulowa kai tsaye daga rile, ita kuwa resista da maɓalli suna kan wayar da ke komawa jikin mota. Wanda ya auna baki ɗaya da jikin mota zai ga volt 12 ya ce wuta ta iso, alhali hanyar komawar a yanke take. Shi ya sa ake aunawa tsakanin bakunan biyu. Na biyu, mita ba ta jan wuta, saboda haka ko da waya ta rage sili ɗaya, ko soket ya yi tsatsa, za ta nuna 12 cif. Maganin wannan shi ne ƙwan fitila. Samo ƙwan sigina mai wat 21, ka haɗa masa wayoyi biyu, ka sa a bakunan soket. Haske fes a lamba ta 4 yana nuna hanyar tana iya ɗaukar kaya. Haske ja-ja mai rauni, ko duhu, yana nuna matsala a waya, rile ko maɓalli, kuma wannan aikin mai wayarin ne idan ba ka saba ba.

Wuta ta iso da ƙarfinta, bulowa ba ta motsi: yanzu kana da hujjar kashe kuɗi.

Wajen saye

Abin da ya fi shi ne ka cire tsohuwar ka tafi da ita kasuwa, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja. Gani ya kori ji. Lambar kayan Toyota ta bulowa tana farawa da 87103, ta resista da 87138, ta filta da 87139, sauran lambobin biyar su ke bambanta mota da mota. Idan takardar jikin tsohuwar ba ta goge ba, ɗauki hotonta.

Ɗora biyun gefe da gefe ka duba abu huɗu: siffar soket, mazaunin sukurori, faɗi da tsayin keji, da kuma ɓangaren da fuka-fukan suka lanƙwasa. Na ƙarshen nan shi ake yawan mantawa. Kayan Beljiyam, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje, suna zuwa daga ƙasashe daban-daban, kuma bulowar motar da sitiyarinta ke dama, irin ta Japan ko Ingila, sau da yawa juyinta kishiyar tamu ne. Za ta iya zama a gurbin, ta yi ruri, amma iskar da za ta bayar kaɗan ce.

Tsakanin ta asali ta hannu da sabuwa marar suna mai araha, ta asalin da aka gwada ta fi kwanciyar rai, muddin ka gwada ta a gabanka. Juya kejin da yatsa: ya tafi sumul, ba gurzawa. Kama shi ka girgiza gefe da gefe: kada ya yi lilo a kan sandarsa. Shinshina gindin: ƙaurin ƙonewa alama ce ta a bar ta. Sannan a jona ta da batir, ta wayar da aka sa wa fis na amp 20 zuwa 30, wani ya riƙe gindinta da hannu biyu domin tana fizga da ƙarfi idan ta tashi, yatsu kuma nesa da keji. Wannan gwajin na mai waya biyu ne kawai. Bulowar sababbin motoci mai baki uku ko fiye tana da allon lantarki a jikinta, jona ta kai tsaye na iya ƙone shi.

Ka haɗa da sabon filta a wannan zuwan. In kuɗi ya isa, resista ma.

Kayan aiki

Sifana mai lamba 10 don kan batir, sukundireba mai baki huɗu gajere da dogo, ƙaramin soket mai lamba 8, da saitin Torx, wato mai bakin tauraro shida, musamman T20 da T25. Kan sukurorin yana bambanta gwargwadon inda aka ƙera motar da kuma hannun da ya taɓa shiga wurin, don haka haska ka gani kafin ka fara. Sai tocila, wadda ake ɗaurawa a goshi ta fi, tsohon buroshin haƙori, tsumma, da tabarma ko kwali na durƙusawa a bakin ƙofa.

Cirewa

Faka a inuwa, ja birkin hannu, zare makulli. Tura kujerar fasinja baya iyakarta, cire tabarmar ƙafa. Buɗe bonet ka kwance kan batir mai alamar ragi, ka kautar da wayar yadda ba za ta koma ta taɓa ba. Jira aƙalla daƙiƙa 90 kafin ka sa hannu a dashbod. Wannan jiran saboda jakar iska ta fasinja ne, wadda ke saman inda za ka yi aiki. Duk soket ko waya mai launin rawaya da ka gani a wurin tata ce: kada ka zare, kada ka ja, kada ka sa mata mita. Idan rediyon motarka irin mai neman lambar sirri ne bayan an cire batir, tanadi lambar tukuna.

Kwashe kayan aljihun dashbod. A gefensa na dama akwai ɗan hannu da ke hana shi faɗowa da ƙarfi, sake shi. Sannan matsa gefunan aljihun biyu zuwa ciki har maƙalansa su wuce, ya sauko. Roba ce da ta sha rana shekara da shekaru, a bi ta a hankali. Ana iya isa ga bulowa ta ƙasa ba tare da an sauke aljihun ba, amma sauke shi yana ba ka haske, kuma dole ne don filta.

Yanzu kwanta rigingine, kai a inda fasinja ke sa ƙafa, ka haska sama. In akwai murfin roba a ƙasan, cire shi. Za ka ga gindin bulowar, zagayayye baƙi kamar ƙaramin kwano a kife, da soket a jikinsa, da sukurori uku kewaye. Ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa komai, don ka tuna ɓangaren da soket ke fuskanta.

Danna harshen soket ka ja jikinsa, ba wayoyin ba. In ya ƙi, tura shi ciki tukuna, sannan ka danna ka ja. In akwai ɗan tiyon roba da ke shiga gindin injin, zare shi ka ajiye, shi ke kai wa injin iskar da ke sanyaya shi.

Fara da sukurun da ke can ciki ta wajen injin mota, domin shi ne mai wuya, kuma ya fi sauƙi tun sauran biyun na riƙe da nauyin. Wanda ya bar shi a ƙarshe zai tarar bulowa ta rataya a kansa ta karkace, sukurun ya cije. Na ƙarshe kuwa, tallafe gindin da tafin hannu kana kwancewa. Kautar da fuska, domin ƙura da busasshen ganye za su zubo. Sauke ta a miƙe, in kafet ko damin wayoyi sun tare hanya ka ɗan karkata ta, ba tare da ka matse kejin ba.

Kafin sabuwa ta shiga

Nan ne ake bambanta gyaran da zai daɗe da wanda za a sake bayan wata uku. Tambayar ita ce: me ya kashe tsohuwar?

Dubi kejin. Mota mai kwana ƙarƙashin darbejiya za ka samu ƙananan ganyaye cunkushe tsakanin fuka-fukai, haɗe da jar ƙurar hunturu da ta daskare kamar laka. Wadda aka daɗe da ajiyewa, musamman kusa da buhunan hatsi, ba mamaki ka tarar da sheƙar ɓera: auduga, tsumma, yagaggiyar takarda. Irin wannan a sa safar hannu da takunkumi, a yayyafa ruwan bilic a jira kaɗan kafin a kwashe, kada a kaɗe ta a bushe. Zura hannu cikin gurbin ka share ko'ina.

Idan ka ga tsatsa a sandar injin, ko alamar ruwa ya taɓa kwanciya a gindin, ruwa na shigowa. Hanyarsa biyu ce. Ko dai magudanar da ke ƙasan gilashin gaba, inda hannun waifa yake, ta toshe da ganye har ruwan sama ya malalo ta ƙofar iska, ko kuma tiyon da ke zubar da ruwan AC ƙarƙashin mota ya toshe. Motar da AC ɗinta ke aiki da rana amma ba ta ɗigar da ruwa a ƙasa, kafet ɗin fasinja kuma a jiƙe, tiyon nan ne. A buɗe shi da lallausar waya ko a hura masa iska. Sabuwar bulowa a gurbi mai ruwa ba za ta ga damina biyu ba.

Sai soket. Haska cikinsa. Bakunan su kasance masu sheƙi, robar kuma ba ta canza launi ba. Idan ta yi ruwan ƙasa, ko ta narke, ko bakin ya buɗe ba ya kama ƙarfe da kyau, a yanke shi a sa wani. Bulowa tana jan wajen amp 10 zuwa 20 a lamba ta 4, kuma baki mai sako-sako a irin wannan wuta zafi yake haifarwa. A haɗa da waya mai kauri irin ta asalin, a yi mata dalma ko a matse da maɗauri na ƙarfe, a rufe da kyau. Murɗa wayoyi biyu a naɗe da salatif ba zai riƙe ba.

Resista tana nan kusa, a jikin akwatin iskar, sukurori biyu ke riƙe da ita. Tunda kana wurin, ciro ta ka gani. Tsagewa, ƙuna ko tsatsa sun isa dalilin canzawa. An dasa ta a hanyar iska ne da gangan don iskar ta riƙa sanyaya ta, saboda haka kada a kunna fanka tana reto a waje: za ta yi zafin da zai ƙona yatsa ko kafet, ta kuma yanke.

Filta yana bayan aljihun da ka sauke, a wani siririn gurbi daidai saman bulowa. A motoci da yawa za ka tarar gurbin wayam, an cire an yar ba a mayar ba, shi ya sa duk shara ke faɗawa kan keji kai tsaye. Wajen sa sabo ka karanta kibiyar. In an rubuta UP, kibiya sama. In an rubuta AIR FLOW, kibiya ƙasa, domin iska daga sama take saukowa zuwa bulowa.

Idan injin kaɗai ka samu, ba keji

Wani lokaci sai an ɗauke tsohon keji an mayar kan sabon inji. Auna yadda sandar ta leƙo daga tsakiyar kejin kafin ka cire, don ka mayar daidai nan. Cire maƙalin da ke bakin sandar in akwai, ka tallafi kejin ta cibiyarsa, ba ta fuka-fukai ba. Idan ka ga waɗansu ƙananan ƙarafa maƙale a wasu fuka-fukan, bar su inda suke, na daidaita nauyi ne. Keji da ya tsage ko ya rasa fiffike ko ɗaya ba ya gyaruwa da gam, girgizarsa za ta cinye bushin sabon injin.

Ɗaurawa

Kama ta ta gindi, ka tura keji cikin gurbin a miƙe, soket yana kallon inda hotonka ya nuna. Bakinta ya zauna daf da akwatin ko'ina, ba rata. Riƙe da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya kama sukurori ukun duka da yatsa, zagaye biyu-biyu, kafin a ɗaure ko ɗaya. Da yake cikin roba suke shiga, fara juya sukuru baya har ka ji ya faɗa tsohon zarensa, sannan ka yi gaba. In ba haka ba zai yanka sabon zare ya kwaɓe ramin. Ɗaure su bi da bi, da zarar ya tsaya ka tsaya. Ƙarin ƙarfi fasa kunnen robar yake yi.

Ta gurbin filta, kafin ka sa shi, zura yatsa ka juya kejin. In yana gogar wani abu, sassauta ka gyara zama. Mayar da tiyon sanyaya injin, tura soket har ka ji ƙas, ka ɗan ja shi don tabbatarwa. Duba kada wata waya ta shiga tsakanin bulowa da akwati.

Gwaji

Mayar da kan batir ka ɗaure, amma bar aljihun a sauke tukuna. Tayar da inji, ka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, kowace ka ba ta rabin minti. Iska ta riƙa ƙaruwa a kowane mataki. Juya ta zuwa fuska, ƙafa da gilashi, ka gwada maɓallin iskar ciki da ta waje. Ƙura kaɗan za ta fito da farko, wannan ba komai. Bar ta a 4 na minti biyar, sannan ka taɓa soket da wayoyinsa: ɗumi kaɗan daidai ne, zafin da yatsa ba zai jure ba yana nufin bakin bai kama ba.

Idan tana ruri amma iska ba ƙarfi, juyinta ya saɓa: ko kejin na ɗaya ɓangaren ne, ko an juya wayoyin wajen canza soket. Idan fis ya yanke nan take, kada ka ƙara masa lamba, zare soket ɗin bulowa ka sa wani fis. Ya sake yankewa, waya ce ke taɓa jikin mota a wani wuri. Bai yanke ba, bulowar da aka sayar maka ce mai laifi, a mayar da ita. Idan 4 kaɗai ke aiki, resista ce, ko ka manta soket ɗinta a zare. Bayan cire batir inji kan ɗan yi rawa a tsaye na ɗan lokaci har kwamfutar motar ta sake daidaita kanta, agogo da tashoshin rediyo kuma sai an sake saita su.

Komai ya yi daidai, ɗaga aljihun, matsa gefunansa su shige, mayar da ɗan hannun gefe da murfin ƙasa. Daga nan, a watannin hunturu ka riƙa zaro filta duk wata kana kaɗe shi, ka canza shi idan ka ɗaga shi a rana haske ba ya ratsawa, kuma kafin ruwan farko ka kwashe ganyen da ya taru a gindin gilashin gaba.